Gadar Ta Tsakiya

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin saba a kamfaninmu, ba wanda ya taɓa ce mini injiniya. Baban Saƙo suke ce mini, ni kuma ina amsawa da fara'a. 'Yar ƙanwata kuwa ba ta cika wata huɗu da fara aiki ba, har mai shara ya koma ce mata Injiniya. Ni na kawo ta, ni na kai takardunta ofishin Manaja da hannuna, na ce masa yarinyar nan tana da kai. Da na san kan nata ya kai haka, da na rage yabon.

Kayan gini kamfanin namu yake rabawa: siminti, rodi, kwano. Akwai hedikwata inda muke, akwai rassa, akwai manyan sito uku a bayan gari. Duk takardar izinin lodi ta imel take tafiya, kuma babu motar da za ta bar bakin sito sai takardar ta isa hannun mai sito. Saba, in ba ka sani ba, babbar kwamfuta ce da ke karɓar saƙo ta miƙa shi gaba. Guda tara muke da su, an kasa su rukuni uku: na hedikwata, na rassa, na sito. Tsakanin rukuni da rukuni akwai hanya, mu gada muke ce mata, kuma kowace gada tana da lambarta. Saƙo ba ya duba zumunci ko sabo, gadar da ta fi ƙaramar lamba ita yake bi. Aikin ke nan gaba ɗaya, sauran duk ƙura ce da wayoyi.

A tsarina, duk gadojin wuri ɗaya suke haɗuwa, wurin wata saba baƙa mai nauyin tsiya da ke can ƙasan kanta ta biyu cikin kantocin ƙarfen da muke jera su. Ta Tsakiya nake ce mata. Ni na fito da ita daga kwali, ni na ɗaure mata kusoshi, har yau akwai tabon da gefenta ya yi mini a babban yatsa. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta kanta. Tana da nawa, ban musa ba. Ranar Litinin da safe saƙonni kan yi layi a cikinta, sai ka ga an fara leƙowa ƙofata.

"Baban Saƙo, a taimaka, takardata ta maƙale."

In gyara zaman tabarau, in duba layin a hankali, in sakar wa mutum takardarsa, ya tafi yana sa mini albarka. Wani lokaci kofin shayi nake tararwa a tebur, ban ma san wanda ya kawo ba.

To, ranar wani taro sai ga 'yar ƙanwata ta tashi ta nufi allo. Ta zana da'ira uku, ta ja layi daga wannan zuwa waccan kai tsaye, ba tare da ta bi ta tsakiya ba. Ta ce akwai saba sabuwa da aka saya bara tana zaune ba ta aikin kirki, ita za ta zama jagorar rukunin hedikwata. Za a yi mata gadoji masu lamba biyar zuwa rassa da sito. Gadojin Ta Tsakiya, da suke kan lamba ɗaya tun ranar da na kafa su, za a ɗaga su zuwa ashirin, saƙo ya daina binsu.

Ni ba allon nake kallo ba, kan Manaja nake kallo. Sau goma sha huɗu ya gyaɗa shi, na ƙirga. Ni a shekara goma sha ɗaya ban san ko na samu biyar ba. Can wajen ƙarshe ta faɗi wani abu game da Ta Tsakiya, har ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Kawu?" Na ɗaga mata hannu alamar ta ci gaba. Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba.

Manaja ya rufe littafinsa ya yanke magana. Za a gwada tsarinta mako biyu. In an samu ƙorafi, a koma nawa. In ba a samu ba, a kashe Ta Tsakiya, kuma wanda tsarinsa ke aiki shi zai riƙe makullin ɗakin. Ya faɗe shi ne kamar yana cewa a canza labule.

Aka fara ranar Talata. Litinin ta farko na zo da wuri, na goge tabarau, na buɗe ƙofata sosai. Ba wanda ya leƙo. Ƙarfe goma na je na duba ko wayar teburina ta lalace, lafiyarta ƙalau. Na shiga ɗakin saba na tsaya gaban kanta ta biyu. Sabuwar tana sama, fitilunta sai ƙyaftawa suke kamar ana biki, Ta Tsakiya kuwa koriyar fitilarta ɗaya ce a kunne, ba motsi. Haka aka yi Talata, haka Laraba. Akanta ya tare ni a matakala ya ce, "Baban Saƙo, ka ga 'yarka kuwa? Kafin in ɗauke yatsa saƙo ya isa!" Na ce madalla. Na ce ai jini ba ya ɓuya. Murmushin da na yi masa sai da ya sa mini ciwon muƙamuƙi.

Kishi nake yi, ba zan sa masa wani suna ba. Kishin yarinyar da na goya a wuya na kai ta kallon jirgi, wadda ni na fara ɗora mata yatsu a kan kwamfuta tana 'yar shekara tara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta ba ni dalili ko ɗaya ba. Kullum sai ta rusuna ta gaishe ni. In za ta taɓa wani abu sai ta ce, "Kawu, ya ka gani?" alhali ta riga ta san amsar, ni ma na san ta sani. Da ma ta yi mini rashin kunya sau ɗaya, da na samu abin riƙewa.

A gida matata ce ta fara ganewa. Ina zaune da yamma ina juya cokali a faranti, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Wai wa ya mutu a ofis ɗin nan naku?"

"Ba kowa."

"To me ya sa kwana goma kana shigowa kamar an ƙwace maka kaza? Da in ka dawo sai ka cika mana kunne, wane ya roƙe ka, wance ta gode maka. Yanzu shiru."

Na ce aiki ne ya yi sauƙi.

"Au, sauƙin ne ya rame da kai haka? Allah ya ƙaro wahala, mu samu mijinmu ya dawo."

Ana cikin haka ƙanwata ta kira. Ita ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, sai godiya take zubawa. "Yaya, Allah ya saka. Ta ce wai har Injiniya ake ce mata. Ai duk kai ne." Na ce ba komai, ai 'yata ce. Da na ajiye wayar matata ta dube ni ta gefen ido, ta ɗauke farantin ta wuce.

Litinin ta biyu ita ce ranar ƙarshe ta gwaji, Talata za a zauna. Kwana goma sha uku ba ƙorafi ko na rantsuwa. Wajen goma da rabi aka kira 'yar ƙanwata hawa na uku, wai firintar ofishin sayayya ta ƙi aiki. Ta ɗauki jakarta ta kayan aiki ta ce, "Kawu, yanzu zan dawo." Na ji ƙarar takalminta har ta ɓace.

Ban yi niyyar ɓarna ba, wannan kam ina so a sani. Lissafina ɗan ƙarami ne. In mayar da lambar gadojin Ta Tsakiya daga ashirin zuwa ɗaya, kamar da. Sabobi suna sanar da junansu lambobinsu, cikin minti biyu kowa zai ji cewa ga hanya mafi kusa, saƙonni su dawo ta kanta. Ga shi Litinin, za su yi layi, za a yi jinkirin rabin awa, mutum uku ko huɗu su leƙo su yi ƙorafi. Ƙorafi Manaja ya ce, bai ce nawa ba. Kafin azahar in mayar da ashirin ɗin, kowa ya kama gabansa.

Na shiga da sunana da kalmar sirrina, don ban taɓa sanin wata hanyar ba. Na goge ashirin, na rubuta ɗaya.

Na je na tsaya gaban Ta Tsakiya. Ba a daɗe ba fitilunta suka farka, fankarta ta ɗaga murya, wannan gurnanin da na sani kamar tarin mahaifina. Abin kunya ne a faɗa, amma daɗin da na ji a wannan minti goman ban ji irinsa ba tun da aka fara gwajin. Har shafa ta na yi.

Da na dawo tebur na duba layin, sai na ga abin da ban gane ba. Saƙo ɗari biyu. Na sake dubawa, ɗari shida. Kuma saƙonnin iri ɗaya ne: takardar lodin siminti ta sito na biyu ta shigo, ta fita, ta sake shigowa, ta sake fita. Na cire tabarau na goge na mayar, tana nan tana zagaye.

Wayar teburina ta yi ƙara, karo na farko cikin mako biyu. Na ɗauka da sauri. Mai sito na biyu ne, bayansa ana jin hon da hayaniyar direbobi.

"Baban Saƙo? Yauwa, don Allah ba ni Injiniya."

Na ce ba ta kusa, mene ne, ai ga ni.

"A'a, bari in neme ta a wayarta." Ya kashe.

Sai ga mutane sun fara cika ƙofa, kamar yadda na yi mafarki. Akanta, sakatariyar Manaja, masu sayayya biyu, kowa da waya a hannu yana nuna saƙon da ya dawo masa da bayanin cewa an kasa isar da shi. Suka dube ni, suka dubi kujerarta da ba kowa.

"Baban Saƙo, ina 'yarka?"

Na zauna a gaban allon. Na san in mayar da ashirin, amma mutum huɗu suna tsaye a bayana suna kallon duk abin da na taɓa. Sai na yi ta buɗe shafuka ina rufewa, kamar mai bincike. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga, a ɗakin da sanyi ke sa mutum atishawa.

Ta shigo da gudu, hannunta duk baƙin tawadar firinta. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta karɓi wayar akanta, ta buɗe kan saƙon da ya dawo, wurin da kowace saba ke buga hatiminta in saƙo ya bi ta kanta. Na leƙa ta kafaɗarta. Sabuwa, Ta Tsakiya, Sabuwa, Ta Tsakiya, har sau talatin, sannan saƙon ya gaji aka mayar wa mai shi.

Ta ce, "Kawu, ɗan matsa mini."

Na matsa. Ta ce wa mutanen su ba ta minti goma, ta tura ƙofa. Ta buɗe lambobin gadoji, ta ga ɗaya. Ta buɗe rajistar Ta Tsakiya, inda take rubuta duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Layin yana nan ƙasa, shi kaɗai: sunana, goma da minti talatin da huɗu, ashirin zuwa ɗaya. Yatsanta ya tsaya a kansa. Na jira ta juyo, ba ta juyo ba.

Ta mayar da ashirin. Ta shiga sakin saƙonnin da suka rage, na sito da farko. Sai da layin ya fara raguwa ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan allo.

"Ai na faɗa ranar taro. Na saita Ta Tsakiya duk abin da ya faɗo mata ta miƙa wa Sabuwa, don kada wani saƙo ya ɓata. Har na tambaye ka."

Abin da ta faɗa ke nan ina ƙirga kan Manaja. Ni na ce wa Sabuwa ga hanya mafi kusa, ita kuma Ta Tsakiya tana mayar mata da duk abin da ta ba ta. Kowaccensu umarnin da aka ba ta ta bi. Na buɗe baki in ce wani abu, ta ɗauki wayarta ta kira mai sito tana ba shi haƙuri. Har aka tashi ba ta ƙara ce mini komai ba, sai "Sai da safe, Kawu," da rusunawarta kamar kullum.

Talata ƙarfe tara muna ofishin Manaja. Ransa a ɓace yake, ko gaisuwa bai amsa sosai ba. Motoci ashirin da shida sun yi awa biyu a rana, wani babban mai gini ya kira shi da kansa ya wanke shi tas. Ya ce ba dogon bayani yake so ba. In tsarin ne bai yi ba, a faɗa masa a koma na da. In kuma hannun mutum ne, yau mutumin zai bar masa kamfani.

Ya dube ta. Na dubi ƙafafun tebur. Na riga na shirya yadda zan kwashe kayana a kwali, da abin da zan ce wa matata, na kasa samo abin da zan ce wa ƙanwata.

Ta ce, "Yallaɓai, tsarin lafiyarsa ƙalau. Tsohuwar sabar ce ta rikice. Shekara goma sha ɗaya tana kan lamba ɗaya, jiya ta manta sabon saitin ta koma na da. Injin in ya tsufa yakan yi haka."

Ko muryarta ba ta yi rawa ba. Manaja ya juyo gare ni.

"Kai ka fi kowa saninta. Tana irin wannan?"

Tunda na kafa ta ba ta taɓa manta ko ɗigo ba. An ɗauke wuta tana cikin aiki, rufi ya taɓa yoyo a kanta, ɓera ya ci wayarta, ko sau ɗaya ba ta taɓa canza abin da na rubuta mata ba. Nawa ce da ita, amma ba ta ƙarya. In na wanke ta, ni zan tafi. Manaja yana jira, yana buga biro a tebur.

Na ce, "Takan yi, Yallaɓai. Kwanan nan ma na lura tana yi. Ta gaji."

"To me muke jira? A kashe ta yau, a fitar da ita. Injiniya, ki karɓi makulli." Ya ɗan sassauta murya ya ce mini, "Kai ma ka huta da dakon ta. Ka riƙa taimaka wa 'yarka da shawara."

Na nemi alfarmar ni zan kashe ta, aka ba ni. Na shiga ɗakin ni kaɗai na durƙusa gaban kanta ta biyu, gwiwoyina suna ƙara. Kafin in taɓa komai na sake buɗe rajistar. Na ɗauka 'yar ƙanwata ta goge layin. Yana nan yadda yake, sunana da lokacin. Ba ta buƙaci gogewa ba, domin rajistar a cikin Ta Tsakiya take, in an kashe ta an jefa a sito ba mai sake buɗewa. Sai a lokacin na ga girman abin da yarinyar nan ta yi. Da magana ɗaya ta rufa mini asiri, ta wanke tsarinta, ta sa a kashe mai shaida, kuma da bakina na sa hannu. Ya kamata in ji godiya, kuma na ji, kaɗan. Amma abin da ya fi cika mini ƙirji shi ne, da ni ne a kujerarta, ko mako aka ba ni ba zan samo ƙarya mai kyau haka ba.

Na danna maɓallin na riƙe. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Sauran takwas ɗin suka ci gaba da aikinsu, ba abin da ya dame su.

Tana tsaye a bakin ƙofa da na fito. Ba ta ce makulli ba, ta dai haɗa hannu biyu tana kallon ƙasa. Na zaro zoben makullaina daga aljihu. Na ɗakin saba yana tsakanin na gida da na mota, ya daɗe a wurin har zoben ya yi tsatsa. Na sa farce na ɓanɓara, ya ƙi. Na sake gwadawa, farcen ya karye. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallonmu.

Ta ce, "Kawo in cire maka, Kawu."

Na miƙa mata. Sau ɗaya ta murɗa ya fita.